Ciwon Ƙahon Zuci Ga Mai Ciki: Hawan Jini, Hanta Da Abin Da Hoto Yake Nunawa

 

Darasin yau na masu juna biyu ne da masu jego. Amma maigida da uwar miji su ya fi kamata su karanta shi har ƙarshe, domin a yawancin gidajenmu su ne ke cewa a tafi asibiti ko a dakata sai da safe.

Maganar a taƙaice ita ce: mace mai ciki da ya wuce wata biyar, ko wadda ta haihu cikin 'yan kwanakin nan, in ta ce ƙahon zucinta na ciwo ko ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama, kada a yi saurin cewa olsa ce. A auna jininta, a gwada fitsari da jini, in likita ya ga dacewa a ɗauki hoton hanta. Ga dalili.

*1. HAWAN JININ MASU CIKI*

Akwai hawan jinin da cikin ne da kansa yake kawo shi. Yana bayyana bayan sati 20, wato daga tsakiyar wata na biyar. In awo ya nuna 140/90 ko sama, kuma aka ga sinadarin furotin a fitsari, to mace ta shiga matakin da ke gaban jijjiga. In ya kai 160/110, ya yi tsanani, ba a kwana da shi a gida. Jijjigar kanta, wadda wasu ke kira taune-taune, ita ce ƙarshen da kowa ya sani kuma kowa ke tsoro.

Tushen abin daga mabiyiya yake. Tun farkon ciki jijiyoyin da ke kai mata jini ba su buɗe yadda ya kamata ba, sai ta riƙa sakin wasu sinadarai cikin jinin uwa, su kuma su ɓata cikin ƙananan jijiyoyin jiki gaba ɗaya. Shi ya sa cutar ba ta tsaya wuri ɗaya. In ta taɓa ƙwaƙwalwa a ga ciwon kai da jijjiga. In ta taɓa ƙoda fitsari ya ragu. In ta taɓa ido a ga dishi-dishi ko walƙiya. In kuma ta taɓa hanta, shi ne abin da ya tara mu yau.

*2. YADDA TAKE TAƁA HANTA*

Hanta tana ɓangaren dama ne, a ɓoye ƙarƙashin haƙarƙari. Nauyinta a jikin babba ya kai kusan kilo ɗaya da rabi, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jinin da zuciya ke turowa ta cikinta yake ratsawa. Duk wanda ya taɓa gyaran kayan cikin rago ranar layya ya ga wani siririn tantani mai sheƙi da ya lulluɓe hanta. Mutum ma yana da shi. Naman hanta ba ya jin ciwo, wannan tantanin ne ke ji in an miƙar da shi.

Manoman rani na Bakolori sun san abin da ke faruwa in ciyawa da laka suka toshe ƙananan hanyoyin ruwa: ruwa ya taru a baya, gonar gaba ta bushe, in ya yi yawa ya karya gefe ya malala. Haka abin yake a hantar mai wannan ciwo. 'Yan ƙananan gudajin jini su toshe siraran hanyoyinta, jini ya taru, hanta ta kumbura, tantani ya miƙe, sai mace ta ji ciwo a ƙahon zuci ko gefen dama.

A shekarar 1982 wani likita a Amurka mai suna Louis Weinstein ya ba wannan yanayi suna, wanda za ku gani a takardar asibiti an rubuta HELLP. Abubuwa uku ne suka haɗu:

▪️ Jajayen ƙwayoyin jini suna farfashewa yayin da suke kutsawa ta jijiyoyin da suka lalace.
▪️ Sinadaran hanta sun hau cikin jini, alamar ƙwayoyin hanta na mutuwa. A takarda za a ga AST da ALT.
▪️ Ƙwayoyin da ke daskarar da jini sun ragu. Lafiyayye yana da 150,000 zuwa sama a ma'aunin ɗakin gwaji. A nan sukan faɗo ƙasa da 100,000.

Cikin mata goma da hawan jinin cikinsu ya yi tsanani, ɗaya ko biyu sukan faɗa wannan hali. Kusan kashi ɗaya cikin uku kuma sai bayan haihuwa abin yake tasowa, galibi cikin kwana biyun farko, lokacin da gida ya cika da 'yan barka, hankalin kowa na kan jariri. Akwai ma waɗanda jininsu bai hau sosai ba amma hantar ta riga ta taɓu. Saboda haka awo mai kyau na satin jiya ba ya kore ciwon yau.

Daga nan abu uku ne ake gudu. Na farko jini ya tsiyaya ya taru tsakanin hanta da tantaninta, ya yi kwantai. Na biyu wani yanki na hanta ya mutu don jini ya daina isa gare shi. Na uku, wanda ya fi muni, tantanin ya yage jini ya zuba cikin ciki. Kwantan jinin bai cika faruwa ba, kamar mace ɗaya ko biyu ne cikin ɗari na masu HELLP. Amma in ya fashe, awoyi kaɗan ne tsakanin mace da ajali in ba a yi aiki ba.

*3. ALAMOMIN DA BA A WASA DA SU*

▪️ Ciwo a ƙahon zuci ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama wanda maganin olsa bai kwantar da shi ba.
▪️ Ciwon kafaɗar dama ko wuya ba tare da an bugu ba. Hanta tana jingine da shamakin da ya raba ƙirji da ciki, jijiyar wannan shamaki kuwa daga wuya ta sauko, shi ya sa ciwon hanta kan bayyana a kafaɗa.
▪️ Tashin zuciya da amai a ƙarshen ciki, bayan laulayi ya daɗe da wucewa.
▪️ Ciwon kai mai naci, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa.
▪️ Fitsari ya yi duhu kamar shayi ko ya ragu, ido ya yi rawaya.
▪️ Jini daga dasashi ko hanci, ko wurin allura ya ƙi tsayawa.

Sai babbar alama, a kula da ita sosai. Macen da aka san jininta a sama yake, kwatsam ciwo ya tsananta, ta yi fari fat, gumi mai sanyi ya keto mata, zuciya na bugawa da sauri, ciki ya ɗaure, aka auna aka ga jinin ya faɗi ƙasa. Wasu sai su ce alhamdulillahi jini ya sauka. Wannan saukar alamar zubar jini ce a ciki. A nemi mota nan take.

*4. SIKANIN: HOTON FARKO*

Sikanin da aka saba yi wa masu ciki shi ne dai ake duba hanta da shi. Na'urar tana aika sautin da kunne ba ya ji, ya bugi abin da ke ciki ya dawo, kwamfuta ta mayar da shi hoto. Babu tururin eksire a cikinsa, ba ya cutar da uwa ko ɗa, ba a huda jiki, kuma cikin 'yan mintuna an gama. Ana iya turo na'urar har bakin gadon mara lafiya.

Ga inda ake yawan samun kuskure. Mace ta je ta yi sikanin, aka ce yaro lafiya, kwanciyarsa daidai, ruwa ya isa, sai gida ya kwantar da hankali. Hoton ciki na yau da kullum mahaifa yake dubawa. Mai ɗaukar hoton ba zai hau sama wajen haƙarƙari ba sai an rubuta masa ko an gaya masa. Don haka uwargida, in kina da wannan ciwo, ki buɗe baki ki faɗa, ki nuna wurin da hannunki. Maigida kuma ya tambayi likita cikin ladabi ko an duba hantar.

Abin da mai hoto yake nema:

▪️ Kwantan jini ƙarƙashin tantani. Yakan fito kamar jinjirin wata a gefen hanta, galibi a ɓangarenta na dama, yana danna naman hantar ciki.
▪️ Ruwa ko jini da ya malala cikin ciki, musamman a lungun da ke tsakanin hanta da ƙodar dama. In an gan shi ga macen da jininta ke faɗuwa, ba a jiran wani hoto kuma, ɗakin tiyata ake nufa.
▪️ Wasu abubuwan da ke kawo irin wannan ciwo, kamar tsakuwa a matsarmama ko kumburinta, wanda shi ma yana yawan samun masu ciki.

Sai dai sikanin yana da iyaka. Sabon jini kan yi kama da naman hanta a hoto, ya ɓoye. Babban ciki, ƙiba, iska a hanji da haƙarƙari duk suna tare gani. Ingancin hoton kuma ya danganta da ƙwarewar mai riƙe da na'urar. Abu mafi muhimmanci: yawancin masu HELLP hoton hantarsu lafiya lau yake fitowa. Gwajin jini ne ke kama HELLP. Aikin hoto shi ne ya nuna ko ta kai ga zubar jini. Saboda haka in an ce hoto bai nuna komai ba amma likita ya ce a kwanta, a kwanta. In ciwo ya ƙaru bayan awoyi kuma aka ce a sake hoton, ba cin kuɗi ba ne, kwantan jini kan taru a hankali.

Wani ƙarin bayani: in matsarmama za a duba a ranar da aka tsara, akan ce a zo ba a ci abinci ba na kamar awa 6. Amma a halin gaggawa ba a jiran wannan. Hoton eksire na ƙirji ko na ƙashi kuma ba ya nuna wannan matsala.

*5. SITI-SIKAN DA HOTON MAGANAƊISU*

In sikanin ya nuna abin da ake shakka, ko bai nuna ba amma jikin mace na faɗin wani abu daban, likita kan nemi siti-sikan, wanda ake rubutawa CT. Mutum ya kwanta a wuce da shi ta cikin wata na'ura mai kama da zobe, ta ɗauki jiki yanka-yanka kamar an yanka burodi. Akan yi allurar wani ruwa a jijiya don hanyoyin jini su fito fili. Da shi ake ganin girman kwantan jini, da inda yake tsiyaya in har yanzu yana zuba, da yankin hantar da ya mutu, wanda kan fito duhu mai kusurwa, faɗinsa na fuskantar gefen hanta. Yana da sauri ƙwarai. Aibinsa shi ne yana aiki da tururin eksire, don haka ba a yi wa mai ciki shi haka kawai. Amma in ran uwa na cikin haɗari ana yi, domin rayuwar ɗa tana rataye da tata. Sau da yawa ma an riga an haihu kafin a kai ga buƙatarsa. Akan duba lafiyar ƙoda kafin allurar ruwan, kuma mai jego na iya ci gaba da shayarwa bayanta.

Na uku shi ne hoton maganaɗisu, wanda ake rubutawa MRI. Ba shi da tururin eksire kuma hotonsa ya fi fitowa dalla-dalla. Amma yana ɗaukar lokaci, sai mutum ya kwanta shiru cikin na'ura, ga tsada, ga ƙarancinsa. Bai dace da wadda jini ke zuba mata ba. Ruwan allurar da ake amfani da shi a wannan hoto kuma ana guje masa ga mai ciki.

Waɗannan biyun a manyan asibitoci ake samunsu. Mu a nan, in abu ya fi ƙarfin asibitin Maradun, Bakura ko babban asibitin Talata Mafara, hanya biyu ce: ko Gusau, inda Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura suke, ko Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Likitan da ya duba ta shi zai zaɓi inda ya dace. Kada ku ɗauki mace daga gida ku wuce asibitin kusa kuna neman babban hoto. A fara tsayawa inda za a saukar da jini, a yi allurar hana jijjiga, a sa ruwa, a rubuta takardar turawa, sannan a kama hanya.

*6. BAYAN HOTO, ME AKE YI?*

Tunda mabiyiya ce tushen ciwon, maganinsa na asali shi ne a raba uwa da ciki, ko ta hanyar tayar da naƙuda ko ta tiyata, ko da wata tara bai cika ba. Wannan magana tana yi wa iyali nauyi, amma jinkiri kan jawo a rasa duka biyun. Kafin nan ana ba da maganin saukar da jini da allurar magniziyam salfet mai hana jijjiga. Wani babban bincike da aka fitar a 2002, wanda ya haɗa mata kusan 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna allurar tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi. A jihar Kano ma, da aka shigar da ita manyan asibitoci 10 a 2008, mutuwar matan da ke zuwa da wannan ciwo ta sauko daga kusan kashi 21 cikin 100 zuwa kusan kashi 2.

In hoto ya nuna kwantan jini bai fashe ba kuma jikin mace a tsaye yake, akan kwantar da ita a sa mata ido, a ƙara jini in da buƙata, a riƙa maimaita hoto ana auna girmansa. In ya fashe sai tiyata, a danne hantar da ƙyallaye na musamman har jini ya tsaya. Ko ta wace hanya, jini ake buƙata, mai yawa. Duk namijin da zai iya ba da jini a dangi ya biyo motar.

Gwajin jini yakan fi muni a kwana ɗaya zuwa biyu bayan haihuwa, sannan ya fara gyaruwa. Kwantan jini kuwa watanni yake ɗauka kafin jiki ya shanye shi. Wadda aka sallama da shi ba daka, ba surfe, ba ɗaukar jarkar ruwa, har sai hoto ya nuna ya baje.

*7. ABIN DA BA A YI A GIDA*

▪️ Kada a tausa ko a danna cikin mai irin wannan ciwo, kada a matsa saman ciki don taimakon naƙuda. Tantanin da ya miƙe da jini, dannawa ɗaya na iya yaga shi.
▪️ Kada a je kemis a sayo diclofenac ko ibuprofen. Suna ƙara hana jini daskarewa kuma suna wahalar da ƙoda.
▪️ A dakata da jiƙe-jiƙe da saiwoyi. Duk abin da aka sha ta hanta yake bi, ita kuma a jigace take.
▪️ Mai jegon da ke da hawan jini ta bar kunun kanwa, domin kanwa 'yar uwar gishiri ce wajen riƙe ruwa a jiki. Ta nemi shawarar likita kan wankan jego da ruwa mai tsananin zafi.
▪️ In jijjiga ta zo, a kwantar da ita ta gefen hagu, a kawar da abin da zai ji mata ciwo. Ba a cusa cokali a baki, ba a ɗura ruwa ko rubutu, ba a yi mata hayaƙi.

Zuma, habbatus sauda da man zaitun suna da matsayinsu, mun sha magana a kansu a nan. Amma ba sa tsayar da jinin da ke zuba a hanta. Addu'a da ruƙiyya kuma ba sa hana tafiya, a yi su cikin mota ana kan hanya. Addininmu ya umarce mu da neman magani, kuma malamai sun halatta likita namiji ya duba mace in larura ta kama babu mace a kusa. Kada kunya ko kishi su sa a rasa rai.

*8. RIGAKAFI DA SHIRI*

Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, ta kuma yi sikanin ɗaya kafin sati 24. Kowane zuwa a auna jini, a rubuta a kati, ki san lambarki. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne mai cikin fari, yarinya ƙarama, wadda shekarunta suka ja, mai tagwaye, mai tsohon hawan jini ko ciwon suga ko ciwon ƙoda, da wadda ta taɓa yin wannan ciwo ko mahaifiyarta ta yi. Mai haihuwa da yawa ma ba ta tsira ba. Irin waɗannan likita kan ba su ƙaramin asfirin da sinadarin kalsiyam tun da wuri, amma da rubutun likita, ba a saya da ka.

Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ciwon hanta na shawara da sikila duk suna iya kama da wannan ciwo, har a gwajin jini. Rarrabe su aikin asibiti ne.

Kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki, musamman ƙauyukan Maradun da na Bakura, inda fita bayan magariba ke da wuya. Saboda haka ciwon da ya fara da hantsi kada a jira a ga yadda dare zai yi. Wadda aka taɓa ce mata jininta na hawa, in wata takwas ya kama, gara ta koma wurin dangi a cikin gari kusa da asibiti. Maigida ya ajiye lambar mai mota, ya ware ɗan abin da ya samu, ya san rukunin jinin matarsa da wanda zai iya ba ta. Ya kuma bar izini a gida cewa in ba ya nan, ko ya tafi kasuwa ko gona, a kai ta ba sai an jira shi ba.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan matan da suka rasu wajen haihuwa, Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Amin.

A tura wa sauran zauruka, a kuma karanta wa iyayenmu mata da ungozomomi waɗanda ba sa karatun boko.